Gwamna Mai Sunan Wansa

Malama Afiniki Yakubu ta yi shekara talatin da biyar tana koyarwa a makarantun firamare na Kafanchan kafin ta yi ritaya. Cikin ɗaruruwan yaran da suka bi ta hannunta, ɗaya ya zama gwamna. Ba na Kaduna ba, na wata jiha ce da ke maƙwabtaka, inda asalin iyayensa yake. Ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aiki ya kawo shi Kafanchan, a nan ya haifi 'ya'yansa a gidajen ma'aikata da ke bayan tasha. Duniya ta san gwamnan da suna Gershon Tanimu. Ya fara da kansila, ya yi shugaban ƙaramar hukuma, ya je majalisar tarayya sau biyu, ya ci gwamna, bayan shekara huɗu ya sake ci. Duk lokacin da aka nuna shi a talabijin, matan zumunta na cocinsu sukan zolaye ta, su ce ɗanta ya manta da ita. Sai ta yi murmushi ta sako wata magana.

Abin da ba su sani ba shi ne, Gershon ba sunansa ba ne.

Shekara arba'in da huɗu ke nan. A lokacin tana budurwa, tana riƙe da aji shida. Akwai 'yan'uwa biyu a ajin, Gershon da ƙanensa Eli, tsakaninsu shekara ɗaya. Tare suka zauna jarrabawar shiga sakandare. Gershon ya ci, Eli ya faɗi da maki kaɗan. Kafin takardar kira ta iso, sanƙarau ya shigo gari da zafin bazara, ya ɗauke Gershon cikin kwana uku. Bayan jana'iza da sati biyu uban ya zo makaranta da takardar a hannu, ya durƙusa gaban hedimasta yana kuka, ya ce kada gurbin ya tafi a banza alhali ga wani ɗan a raye. Hedimasta ya karɓi takardar ya duba. Daga baya ya kira Afiniki ya miƙa mata fom. Ita ta cika shi, ita ta manna hoton Eli a saman sunan wansa. Ba a yi wata uku ba aka yi wa uban canjin wurin aiki, suka kwashe suka bar garin.

Hedimasta ya rasu, iyayen sun rasu, tsofaffin rajistocin makarantar gara ta cinye su tun tuni. Cikin waɗanda suka sa hannu a maganar, ita kaɗai ta rage.

Wata Litinin da hantsi tana shanya citta a tsakar gida, aka yi sallama a ƙofa. Wani mutum ne mai kimanin shekara arba'in, da baƙar kwat da jaka. Ya ce sunansa Barista Saifullahi, lauya ne na ɗan takarar da ya sha kaye a hannun gwamna, sun shigar da ƙara a kotun zaɓe cewa takardun makarantar gwamna ba nasa ba ne. Ta ba shi kujera, ta ce masa ta tsufa, yaran da ta koyar sun fi a ƙirga, ba ta riƙe da kowa. Ya saurare ta cikin ladabi har ta gama, sannan ya ce wani tsohon ɗan ajin, wanda yanzu yake facin taya a Zonkwa, ya ba su labari, amma shi ji ya yi, bai gani ba.

"Mama," in ji shi, "mai facin ya ce mu tambaye ki ina Eli ya shiga."

Ta dafa bango ta zauna a bakin baranda. Shekara arba'in da huɗu ba ta ji wannan suna a bakin kowa ba. Lauyan bai matsa mata ba. Ya ciro takardar sammaci ya ajiye a gefenta, ya ce nan da sati biyu ne zaman, ko ta so ko ba ta so kotu ta kira ta. Yana fita ya juyo ya ce gara kada ta riƙa kwana ita kaɗai, don an riga an miƙa sunayen shaidu, ɗaya ɓangaren ma sun gani.

Washegari da ta buɗe ƙofa za ta share waje, ta ga wata farar mota mai baƙin gilashi a tsallaken titi, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ba ta da lamba a gaba. Ta koma ciki da tsintsiyar a hannu. Da azahar ta leƙa ta taga, motar tana nan. Da la'asar ta tafi. Ranar Laraba motar ta dawo wuri ɗaya. Ba wanda ya fito daga ciki, ba wanda ya shiga, sai dai wani lokaci a sauke gilashi kaɗan a jefo ledar ruwa.

Wayarta ma ta fara ƙara daga lambobin da ba ta sani ba. In ta ɗauka sai ta ji numfashi, can sai a kashe. Ranar Laraba ba ta je taron zumunta ba, abin da ba ta taɓa yi ba sai da ciwo. Abinci ya ƙi shiga. Ta dafa doya ta zauna tana kallonta har ta huce.

Maƙwabciyarta Hajiya Kubra ce ta fara lura. Kubra tana da rumfar hatsi a kasuwa, kakanninta ma a kasuwar suka tsufa. Katanga ɗaya ta raba gidajensu shekara ashirin da shida, kuma sau biyu da gari ya rikice kowacce ta taɓa ɓoye 'yar'uwarta a ɗakinta. Ta shigo ta ƙofar baya ranar Alhamis da kwanon kunu, ta tarar da labule a sauke tsakiyar rana, ta tambaya ko lafiya. Afiniki ta yi ƙoƙarin cewa zazzaɓi ne, sai ta fasa. Ta kwashe labarin duka ta faɗa mata, tun daga sanƙarau har zuwa hoton da ta manna.

Kubra ta juya zoben hannunta. Ta ce ita ba ta ga laifi a taimakon uba mai makoki ba, amma masu mulki ba su san wannan ba, su kujera suka sani. Ta ce a kira Dinah yau ɗin nan ta zo ta ɗauke ta. Dinah ita ce 'yar Afiniki tilo, ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a Sabon Tasha da ke garin Kaduna. Aka kira ta. Ta ce tana bakin aiki har Juma'a, amma Asabar da sassafe za ta kamo hanya.

Ba a kai Asabar ba. Juma'a da tsakar rana, lokacin da rabin unguwa suka tafi masallaci, titi ya yi tsit, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dogon mutum ne mai jar hula, fuskarsa cike da fara'a, ya ce sunansa Rufus, yana aiki da mai girma gwamna. Hausarsa irin ta wanda ya koya a kasuwa ce.

"Mama, Oga yana kusa. Ya ce a kawo ka ya gaishe ka. Ba zai daɗe ba."

Ta ce ba ta jin daɗi, ko za a bari sai wani lokaci. Bai daina murmushi ba. Ya ce mota tana da sanyi, ba za ta wahala ba. A bayansa ta hango mutum biyu tsaye jikin farar motar. Ta nemi ya bari ta sanar da maƙwabciyarta, ya ce ba sai an tayar da hankalin mutane ba. Ta ɗaura ɗankwali, ta bi shi. Da ta zauna a baya, ya miƙo hannu ya karɓi wayarta, ya ce doka ce, duk mai ganin Oga haka ake masa.

Suka fita gari suka kama hanyar Kagoma. Ta san hanyar kamar tafin hannunta, ta kuma san labaran mutanen da aka ɗauka a kanta ba a sake ganinsu ba. Ta riƙa kallon masu babur da suke wucewa ɗauke da doya, tana fatan ta ga wanda ya san ta, sai ta tuna ba mai iya hango ta ta wannan gilashin. Ta fara addu'ar Ubangiji a zuci, ta kai tsakiya ta manta abin da ke biye, ta koma farko. Da motar ta sauka daga kwalta ta shiga wata 'yar hanya tsakanin gonakin citta, ta tabbata ba za ta koma gida ba. Abin da ya fi damunta shi ne Dinah za ta zo gobe ta tarar da ƙofa a buɗe, citta a shanye.

Suka tsaya a wani gida mai doguwar katanga da 'yan sanda biyu a ƙofa. Aka kai ta wani falo, aka rufe. Mutum ɗaya ne a ciki, zaune a kan kujerar roba, ba babbar riga, ba hula. Ya fi yadda yake a talabijin tsufa da ƙiba. Ya miƙe, ya ɗan rusuna, ya ce, "Malama, sannu da zuwa." Ta ce, "Ranka ya daɗe," ta nemi durƙusawa, ya hana ta.

Ya tambayi lafiyarta da ta iyali. Ya san sunan Dinah, ya san asibitin da take aiki, ya san jikokinta uku da makarantar da suke zuwa. Yana faɗa a hankali kamar mai gaisuwa. Ta kasa gane ko kulawa ce ko gargaɗi. Ya zuba mata ruwa a kofi.

Sai ya shiga ba ta labarin kansa, kamar wanda ya daɗe yana neman mai ji. Ya ce a sakandare ya yi wata guda in an kira Gershon ba ya amsawa, har aka yi masa bulala a kan raini. Ya ce uwarsa har ta mutu ba ta kira shi da ko ɗaya cikin sunayen biyu ba, sai dai ta ce "kai". Ya ce matarsa ba ta sani ba, 'ya'yansa ba su sani ba. Duk jarrabawar da ta biyo baya shi ya zauna da kansa, shi ya ci, ba wanda ya rubuta masa. Ya lissafa mata asibitoci da hanyoyin da ya ce ya gina, ya tambaya ko duk wannan zai rushe saboda takardar yaro ɗan shekara goma sha biyu.

Ya jawo kujerarsa kusa, ya ce abu ɗaya yake roƙo. In an tambaye ta, ta ce ta tsufa, ba ta tuna ba. Ba ƙarya za ta ƙaga ba, mantuwa ce kawai, kuma ba a ɗaure tsohuwa a kan mantuwa.

Ta ce, murya can ƙasa, "In na tuna fa, Eli?"

Ya runtse ido. Da ya buɗe, bai kalle ta ba, ƙofa ya kalla.

"Malama, ni ba zan taɓa ki ba, Allah ya sani. Amma akwai mutane da yawa da suke ci a ƙarƙashin wannan suna. Ba dukansu nake iya riƙewa ba."

Aka maido ta gida kafin la'asar. Rufus ya miƙa mata wayarta da hannu biyu, ya ce Allah ya ƙara lafiya. Tana shiga ta tarar da Kubra a tsakar gida da mayafi a kafaɗa, ta riga ta aika kasuwa a kira ƙannenta a fara nema. Afiniki ta zauna a ƙasa, nan kan siminti. A gidan Kubra ta kwana. Da safe Dinah ta iso, suka haɗa kaya a jaka ɗaya, suka fita ta ƙofar baya, ƙanen Kubra ya kai su tashar mota a cikin motarsa ta ɗaukar masara.

A Sabon Tasha ta yi kwana tara ba ta leƙa waje ba. Da Dinah ta ji abin da gwamna ya faɗa, da yadda ya jera sunayen 'ya'yanta, ta hana yaran zuwa makaranta. Ta zauna gaban uwarta ta ce don Allah ta ce ta manta. Wanda ya mutu ya mutu, wanda ya kai ƙarar ma ba don gaskiya ya kai ba, kujera yake so, ba wanda zai zo ya tsare musu gida in abu ya ɓaci. Afiniki ta ga gaskiyar maganar. Ta yi mata alkawari. Ta riƙa maimaita kalmomin a ranta har suka zauna: na tsufa, ba na tunawa.

Ranar zaman, Barista Saifullahi ya aiko mota da ɗan sanda ɗaya, suka yi tafiyar awa huɗu zuwa babban birnin waccan jiha. Harabar kotu cike take da magoya baya, wasu da riguna masu hoton gwamna, suna kaɗa ganguna. Aka shigar da ita ta ƙofar gefe. Ɗakin ya fi yadda ta zata ƙanƙanta. Alƙalai uku a sama, lauyoyi a jere. Gwamna bai zo ba, amma ta hango jar hular Rufus a layi na biyu.

Aka kira sunanta. Ta hau akwatin shaida tana riƙe da ƙarfen gefe. Magatakarda ya tambayi addininta, ya miƙo mata Littafi Mai Tsarki, ya ce ta maimaita bayansa. Ta ɗora hannu ta rantse. Littafin ya tsufa, bangonsa ya yi laushi saboda hannaye.

Saifullahi ya fara da tambayoyi masu sauƙi: sunanta, makarantar da ta koyar, ajin da ta riƙe. Sannan ya tambaya ko ta san wani yaro mai suna Gershon Tanimu a ajinta. Ta buɗe baki za ta faɗi abin da ta haddace, sai ya ƙi fita. Ta ga yaron a idonta, siriri mai wushirya, wanda yake zama kusa da taga yana taya ƙanensa lissafi. Ita ce ta riƙe uwarsa a maƙabarta. Ta ji ba za ta iya cewa ta manta da shi ba, hannunta bai ko huce daga kan littafin ba. 

"Na san shi," ta ce. "Ya rasu yana da shekara goma sha uku."

Ɗakin ya ɗauki hayaniya, alƙali ya buga tebur. Ta ci gaba, ba ta kalli layi na biyu ba. Ta faɗi yadda uban ya durƙusa, ta faɗi cewa ita ta manna hoton, in akwai hukunci ita ma tana ciki. Lauyan gwamna ya tashi ya tsare ta kusan awa guda. Ya tambayi shekarunta, ya tambaya ko tana shan magani, ya tambaya wa ya biya ta. Ta ce ba kowa. Da ya tambaya ko tana da wani abin da za ta ƙara, ta ce Eli yaro ne a lokacin, ba shi ya roƙa ba, ba a ma tambaye shi ba.

Kafin ta sauko labari ya fita waje. 'Yan sanda suka sa ta a bayan motarsu, suka ce ta kwanta a ƙasa. Ta ji duwatsu suna sauka a jikin motar, ana dukan ƙarfe da tafin hannu, ana kiran ta mayya. Ta rufe kai da ɗankwali, ba ta ɗago ba sai da suka yi nisa da gari.

Dinah ta yi kwana biyu ba ta yi mata magana ba. A rana ta uku Kubra ta kira ta ce wasu samari a kan babura sun zo da rana tsaka sun farfasa tagogin gidan Afiniki na Kafanchan, sun watsa fetur a ƙofa, amma mutanen unguwa, Musulmi da Kirista, suka fito suka kore su kafin su ƙyasta ashana. Mijin Dinah ya kwashe iyalin zuwa gidan wansa a wata unguwa. Suka yi wata biyu mutum tara a ɗaki biyu, Afiniki tana jin kunyar kowane kwano da aka miƙo mata.

Da hukunci ya fito, kotu ta ce ta yarda da shaidar tsohuwar, amma abin da doka ta nema shi ne karatun sakandare, kuma an tabbatar mutumin da ke kan kujera shi ya yi wannan karatu da kansa. Aka kori ƙarar. Aka ɗaukaka, aka sake kora. Gwamna ya yi jawabi a rediyo, ya ce wansa ya bar masa gado, ya ɗauka da alfahari, mutane suka yi ta tafi. Bai ambaci malamarsa ba. Barista Saifullahi ya kira sau ɗaya ya yi godiya, bai sake kira ba. Da kujerar ta tabbata, ba wanda ya ƙara neman Afiniki, ko da alheri ko da sharri.

Duk da haka sai da ta shekara kafin ta yarda ta koma Kafanchan. Dinah ta raka ta. Ƙannen Kubra sun sa sabbin gilasai, sun yi wa ƙofa fenti, ciyawa ce kawai ta cinye bayan gida. Ranar Lahadi ta shiga coci a makare, ta zauna a benci na ƙarshe. Wasu suka juyo suka yi mata sannu da ido. Wata da suka yi shekaru suna waƙa tare ta ɗauki jakarta ta koma gaba. Bayan an tashi fasto ya riƙe hannunta ya ce sun yi ta addu'a, bai ƙara komai ba.

Da yamma Dinah ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, ta tambaya ko ta tabbata za ta iya zama. Afiniki ta ce ba ta tabbata ba, amma ita Dinah ta tafi, yara suna jira, kada mota ta wuce ta. Ta tsaya har Dinah ta hau babur ta sha kwana. Sannan ta shiga, ta sa sakata, ta ɗauko fartanya ta nufi bayan gida tun da sauran haske.